Tarihin da Aka Hana Kakanni, Yau Jikoki ke Shiga Jami'a da Shi

A Amurka akwai tsarin da ke ba ɗalibin babbar sakandare damar ɗaukar kwas na kwaleji tun bai kammala makaranta ba, kuma idan ya ci sai a lissafa masa makin sau biyu, a takardar sakandarensa da kuma a digirin da zai yi nan gaba. Wanda ya san yadda IJMB ke rage wa ɗalibi shekara guda a jami'o'inmu ya fahimci rabin zancen, sai dai a can ba a jiran a gama sakandare. A jihar New Mexico kwalejoji ba sa karɓar kuɗin karatu daga irin waɗannan ɗalibai, kuma cikin kwasa-kwasan da ake bayarwa har da harshe da tarihi da al'adun ƙabilun asali, waɗanda ke zaune a ƙasar tun kafin Turawa su taka ta. Kwalejin Diné, wadda al'ummar Navajo ta kafa a 1968, tana cikin masu bayar da su. A ganina wannan mataki ne mai kyau ƙwarai, kuma rage kuɗin makaranta shi ne mafi ƙanƙanta cikin alherinsa.

Sai an san abin da makaranta ta taɓa yi wa mutanen nan kafin a gane nauyin maganar. A 1864 sojojin Amurka suka tasa dubban 'yan Navajo a gaba, da ƙafa, tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa wani sansani mai suna Bosque Redondo, inda aka tsare su shekara huɗu cikin yunwa da cuta. Yarjejeniyar 1868 da ta ba su damar komawa gida ta ƙunshi sharaɗin cewa za su tilasta wa 'ya'yansu masu shekara 6 zuwa 16 shiga makaranta, gwamnati kuma za ta samar da malami ga kowane yara 30 domin koya musu ilimin Ingilishi. Daga baya, a 1879, aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle a Pennsylvania, wadda wanda ya kafa ta, Richard Henry Pratt, ya taƙaita manufarta da cewa a kashe Ba'indiyen (wato ɗan ƙabilar asali) da ke cikin yaro domin a ceci mutumin. A irin waɗannan makarantu ana aske wa yaro gashi ranar da ya iso, a canza masa suna, a hukunta shi idan ya yi magana da harshen uwarsa. Binciken da Ma'aikatar Cikin Gida ta yi a ƙarƙashin shugabarta ta lokacin, Deb Haaland, wadda ita kanta 'yar ƙabilar asali ta Laguna Pueblo ce, ya ƙirga makarantu 417 tsakanin 1819 da 1969, ya kuma tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a cikinsu. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Joe Biden ya nemi gafara a madadin gwamnati.

Neman gafara yana da kyau, amma makaranta tana nuna abin da take girmamawa ne ta hanyar abin da take rubutawa a takardar sakamako. Shekaru da yawa tarihin ƙabilun asali bai wuce bikin rana guda ba, a yi rawa, a ci abinci, washegari a koma karatun da ake ɗauka na gaske. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya gano cewa kusan kashi 87 cikin ɗari na abin da manhajojin jihohin Amurka ke faɗa game da su ya tsaya ne kafin shekarar 1900, kamar mutanen sun ƙare, alhali ƙabilu sama da 570 ne gwamnatin tarayya ta amince da su a yau, 23 daga ciki a New Mexico kaɗai. Idan kuwa kwas ya zama mai maki, dole a yi masa jadawali, a nemo littattafai, a biya malami, a yi jarrabawar da mutum zai iya faɗuwa. Yarinyar da ta koyi gabatar da kanta yadda Navajo ke yi, ta ambaci zuriyar mahaifiyarta da farko, sannan ta mahaifinta, sannan ta kakanta na wajen uwa da na wajen uba, za ta ga wannan ilimi ya zauna a layi ɗaya da lissafi da kimiyya a takardar da za ta kai jami'a. Kakarta kuwa wataƙila a kan wannan magana ce aka yi mata bulala.

Masu suka suna cewa kwas irin wannan hanya ce ta samun maki a sauƙaƙe. Duk wanda ya taɓa zama da rubutun yarjejeniyar 1868 yana auna abin da aka yi alkawari da abin da aka cika, ko ya gwada sarrafa aikatau a harshen Navajo, wanda tsaurinsa ya sa sojojin ruwan Amurka suka gina saƙonnin sirri a kansa a Yaƙin Duniya na Biyu, ba zai maimaita wannan magana ba.

Damuwar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wa zai koyar. Bisa al'ada, kwalejoji na neman digiri na biyu daga malamin da zai koyar da kwas mai makin jami'a, amma mutanen da suka fi kowa riƙe harshe da tarihin baka dattawa ne da ba su da ko digiri na farko. Idan ba a yi hattara ba, sai a wayi gari mai takarda yana koyar da abin da ya karanta, mai ilimin yana zaune a gida, ko a gayyato shi baƙon awa ɗaya a sallame shi da godiya. Jihar Montana ta buɗe ƙofa tun 1995 da wani lasisi na musamman wanda ƙabila da kanta ke tantance wanda ya cancanci koyar da harshenta, New Mexico ma tana da irinsa, kuma a 2022 ta yi dokar daidaita albashin masu riƙe da shi da na malamai masu lasisin koyarwa na matakin farko. Ya kamata kwalejoji su karɓi wannan tantancewa da zuciya ɗaya, domin ƙabilar da ta riƙe ilimin nan duk da ƙoƙarin shafe shi na shekara 150 ta fi kowane kwamiti sanin wanda ya iya shi.

Akwai kuma abin da jadawali ba shi da hurumi a kansa. Kamar yadda iyayenmu suka hana yin tatsuniya da rana, haka Navajo ba sa ba da wasu labaransu sai lokacin hunturu, wasu al'ummomin Pueblo kuma ba su yarda a rubuta harshensu ko a fitar da sirrin ibadunsu ba. Kwas ɗin da kwalejin ƙabila ta tsara ya san inda zai tsaya. Wanda aka tsara daga wani ofis mai nisa yana iya tona abin da ba nasa ba saboda kawai mako na bakwai ya zo.

Saura batun karɓar makin. Idan ɗalibi ya kai takardarsa wata jami'a aka ce masa tarihin Navajo ba zai cike gurbin darasin tarihi ba, sai dai a ajiye shi cikin na zaɓi, to an mayar da shi gefen tabarma ke nan ta wata ƙofa. A 2018 mai shari'a Sarah Singleton ta yanke hukunci a ƙarar da iyalan Yazzie da Martinez suka kai jihar cewa New Mexico ta gaza ba ɗaliban ƙabilun asali ilimin da zai shirya su shiga kwaleji ko aiki, kamar yadda kundin tsarin mulkin jihar ya wajabta. Jihar da ke ɗauke da wannan hukunci a wuyanta ba ta da uzurin barin makin ya zube a ofishin rajista, kuma majalisarta na da ikon ɗaure jami'o'in gwamnati su lissafa shi cikin darussan wajibi.