Kifin Taitus a Jos: Ga Tsada, Ga Ruɓa

Abin da ake yi mana a harkar kifin ƙanƙara a garin Jos ya wuce gona da iri. Magidanci zai matse aljihunsa ya sayi taitus a kan kuɗin da a da yake sayen kaza, a kai gida, ƙanƙara ta narke, sai a tarar naman ya yi tuɓus, ciki ya fashe, ido ya dusashe, ga wani ƙarni da ko lemun tsami ba ya kashe shi. Idan aka mayar wa mai shago, sai ya ce kaya ya riga ya bar hannunsa.

Tsadar dai mun san daga inda ta taso. Taitus kifin arewacin tekun Atlantika ne, a daskare ake shigo da shi daga ƙasashe irin su Norwe da Holan, kuma da dala ake biyan kuɗinsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba ta haura 1,500 a 2024. Ga kuɗin dakonsa daga tashar Apapa a Legas zuwa nan, tafiyar kusan kilomita 1,000. Duk wannan mun haɗiye. Abin da ba za mu haɗiye ba shi ne a karɓi cikakken kuɗinmu a ba mu kifin da ya narke aka sake daskarar da shi, ba sau ɗaya ba.

Ƙa'idar ajiyar daskararren kifi ita ce ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga jirgi har hannun mai saye. To ina wannan sanyin yake, alhali wuta tana kwana ba ta zo ba, wasu masu ɗakin sanyi suna kashe janareta da dare saboda tsadar man gas, 'yan tireda kuma suna baje kifi a tire tun hantsi, wanda bai shiga ba a mayar da shi firiza da magariba? Kada wani ya fake da sanyin Jos, domin ko a tsakiyar hunturu bai kama ƙafar abin da kifi yake buƙata ba.

Wannan sakaci wasa ne da lafiyar jama'a. Taitus da tuna 'yan gida ɗaya ne, kuma idan namansu ya sha ɗumi, ƙwayoyin cuta kan haifar da wani sinadari a cikinsa mai suna histamin. Da zarar ya taru, suya ba ta kashe shi, haka dafuwa, haka banda, haka sake daskararwa. Wanda ya ci zai ji yaji-yaji a harshe, sannan cikin 'yan mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu fuska ta ɗauki zafi, jiki ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi, kai ya sara, wani lokaci har da gudawa. Mafi muni, kifin yana iya ɗauke da shi ba tare da ya yi wari ba, saboda haka uwar gida duk iya kularta ba za ta gane ba. Yaranmu ne ke cin wannan miyar.

Ina jami'an duba-gari? Ban taɓa ganin ko ɗaya ya shiga ɗakin sanyi a unguwarmu da ma'aunin sanyi a hannu ba, amma masu karɓar kuɗin rasit ba sa fashin ko kwana ɗaya. Muna so a riƙa duba ɗakunan nan ba tare da sanarwa ba, a kwashe duk katan ɗin da ya narke a lalata shi a bainar jama'a, a kuma rufe shagon duk wanda aka sake kamawa.