Mu ma a Damagaram muna kwalliya

Na karanta wani labari a kan wani kamfanin kayan kwalliya, na duba taswirar shagunansa, raina ya ɓaci. Kusan dukkansu a Yamai suke, mu nan ko ɗaya babu. Alhali ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan 3 da rabi. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wa zai hau mota saboda man shafawa?

Shi ya sa matanmu suke dogara da abin da 'yan kasuwa suka ɗauko daga Kano ta hanyar Matamaye. Akwai mai kyau, amma jabu ya yi yawa, kuma kwalin iri ɗaya ne. Wani man ya sha rana a kan tebur har ya lalace, wani an cuɗa masa sinadarin bilicin mai ƙona fata. Na ga amaren da fuskarsu ta yi tabo ana gab da biki, wallahi abin tausayi.

Masu kamfanin, ku buɗe reshe ko guda kusa da Kasuwar Dole, ku ɗauki 'yan matanmu aiki. Mutanen Mirriya, Magarya da Tanut duk nan suke sayayya.