Almakashi ne ke ƙarya, ba ɗan wasa ba

To, mun gani. Kwana uku ke nan guntun bidiyon nan na Churchill, firaministan Ingila na lokacin yaƙin duniya na biyu, a cikin jirgin ƙasa yana yawo a WhatsApp na ƴan Yamai, har da rubutu a ƙasa wai "ga shugaban da ke saurarar talaka". A fada ana shan shayi ana gyaɗa kai. Madalla! Saura ku aika masa da goron sallah.

Jama'a, wannan shiga jirgi ba ta taɓa faruwa ba. Masu fim ɗin Darkest Hour na 2017 ne suka ƙirƙiro ta. Amma ba ƙirƙirar ce ta fi ƙona mini rai ba. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne inda aka sa almakashi. Fim ɗin ya ɗauki ƴan makonni na watan Mayu zuwa farkon Yuni 1940 kawai, ya rufe ƙofa. Yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 da ta ci miliyoyin mutane lokacin yana firaminista, tana bayan ƙofar. Ba wanda ya ce ba a yi ta ba. An dai tashi fim kafin a kai wurin.

Haka sana'ar take. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, awa biyu kuwa shafi 120 ne. Rayuwar shekara tamanin ba ta shiga nan, sai a zaɓi taga. Daga nan a haɗe mashawarta biyar su zama mutum guda, a nemo wani rauni na cikin gida, mata ko ɗiya ko ciwo, a ɗora kiɗa mai taushi, a saukar da kamara ƙasa tana kallon fuskarsa don ya yi kwarjini. Wanda ya zaɓi taga ya gama shari'a tun ɗan wasa bai sa rigar ba.

Ku dubi na De Gaulle na 2020, wanda ya fi shafar mu. Shi ma Mayu da Yuni 1940 ne: matarsa na gudun yaƙi, ƴarsa Anne mai lalura, sai jawabin 18 ga Yuni a rediyon Landan. Wa zai ƙi wannan mutum? To mu De Gaulle ɗin da kakanninmu suka sani na 1958 ne, na ƙuri'ar e ko a'a ta 28 ga Satumba kan ci gaba da zama tare da Faransa, wadda Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a, daga baya aka haramta jam'iyyar a 1959. Yaron lise a Tawa da ya kalli fim ɗin nan zai fito da hawaye a ido, bai ji ko sunan Nijar ba.

Na san masu cewa ai Hollywood ta tsani masu ra'ayin riƙau, kullum ɓata su take. Ku huta. Almakashin nan baki biyu gare shi. A fim ɗin Vice na 2018 an yanka Dick Cheney, tsohon mataimakin shugaban Amurka, ya fito kamar dodo, har mai ba da labarin ma ƙirƙirarre ne, wai shi ne aka dasa wa Cheney zuciyarsa. A fim ɗin Reagan na 2024 kuma, kan tsohon shugaban Amurka, an yanka ta ɗaya gefen, aka ƙago tsohon ɗan leƙen asirin KGB ta Tarayyar Sobiyet yana ba da labarin gwanintar mutumin. Ɗaya zambo, ɗaya kirari, duka aikin tela guda.

Na Thatcher na 2011 ne ya fi wayo. Matar da ta riƙe Ingila daga 1979 zuwa 1990, aka buɗe da ita tsohuwa mai mantuwa tana sayen madara a kanti ba wanda ya gane ta, tana hira da mijinta da ya rasu. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, shekara guda cur, ya wuce cikin ƴan hotuna masu gudu. Magoya bayanta suka ce an wulaƙanta ta, maƙiyanta suka ce an wanke ta. Duka sun yi gaskiya, don ba ka iya yi wa tsohuwa marar lafiya tambayar siyasa.

"Ai fim ne, ba darasin tarihi ba." Na ji. To me ya sa kuke tura shi a matsayin hujja in gardama ta yi zafi? Tsakani da Allah, abu biyu kawai nake roƙo: ku duba shekarar da fim ya fara da wadda ya tsaya, sannan ku tambayi abin da ya faru a shekarun da aka bari.

Ni tsorona ma ranar da wani zai ce zai yi na Seyni Kountché. In ya buɗe da fari da yunwar kafin juyin mulkinsa na 15 ga Afrilu 1974, jarumi ya samu. In ya buɗe daga ɗakin tsare ƴan siyasa, wani mutum ne daban. Kuma wa zai biya kuɗin? Ko Sarauniya Mangu tamu ta Lugu, da Med Hondo ya tashi yin fim ɗinta na 1986, a Burkina aka je aka ɗauka.