Sayen NFT Ba Sayen Haƙƙin Zane Ba Ne

A tsakanin matasa masu sha'awar zane a Zariya, har da wasu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, akwai fahimtar da ta yaɗu cewa duk wanda ya sayi NFT, wato wata shaida ta intanet da ake sayarwa haɗe da zane ko hoto, ya mallaki zanen ɗungurungum, ta yadda ba wanda zai iya kwafarsa. Ba haka abin yake ba.

Abin da mai saye yake samu shi ne shaidar mallaka da aka rubuta a wani kundin intanet mai suna bulokcen, galibi na Ethereum, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, shi ya sa sauya abin da ke ciki yake da matuƙar wuya. Shi kansa hoton sau da yawa ba ya cikin kundin, adireshin inda aka ajiye shi kawai ake sakawa, kuma kowa na iya sauke shi a wayarsa kyauta. Haƙƙin bugawa da sayar da kwafi yana nan a hannun mai zanen, sai fa idan an rubuta yarjejeniyar miƙa shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne, domin wanda ya sayi aikin Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958, bai samu izinin buga shi a jikin atamfa ba, sai dai shi aƙalla yana da abin ratayawa a bango. Ko wanda ya biya dala miliyan 69 kan NFT na aikin Beeple, wani mai zane da kwamfuta, a gwanjon kamfanin Christie's a watan Maris na 2021 bai hana kowa kallon hoton a intanet ba.