Ga mai sharhin da barci ya sace

Ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Akwai wani gwanin sharhin finafinai da tun fitowar Babylon a Disambar 2022 ya hana mu sakat. Duk wanda ya ce fim ɗin ya burge shi, wai bai san fim ba. Abin da bai faɗa wa mabiyansa ba shi ne a ɗakina ya kalla, a kan tabarmata. Fim ɗin awa uku ne da minti tara. Tun giwar nan ta farko da ta sheƙa wa mutum kashi a hawan tudu ya ce a'uzubillahi, ya jawo filo. Kafin a watse daga shagalin daren farko, munsharinsa ya danne ƙarar kakaki.

Washegari sai ga dogon sharhi. Wai daraktan fim ɗin, Damien Chazelle, bai nuna yadda zuwan sauti ya kassara taurarin fim marar magana ba. Ikon Allah! To me muka zauna muna kallo?

Yana can duniyar mafarki lokacin da jaruma Margot Robbie ke maimaita fitowa ɗaya har ta fusata, saboda motsi kaɗan makirfo ya ɗauka. Mai kyamara kuma an kulle shi cikin wani akwati don kada a ji ƙarar na'urarsa, zafi ya gama da shi a ciki. Bai ga jarumi Brad Pitt ya laɓe a sinima yana jin 'yan kallo na dariyar kalaman soyayyarsa ba. Abin da ya faru da Hollywood bayan zuwan sauti a 1927 ke nan, an baje shi a faifai.

Ni ban ce kowa sai ya so shi ba. Fitsara da ƙazanta sun yi yawa, ba fim ɗin kallo da yara ko surukai ba ne, kuma ko kuɗin da aka kashe masa bai mayar ba a sinima. Wata 'yar'uwata ta kai ƙarshensa ta ce ta yi asarar darenta. Ita na saurare ta, don idonta biyu ta yanke hukunci.

Shi kuwa malam, in zai sake zuwa, ya taho da filonsa. Nawa har yau shatin yawu bai fita ba.