Nasiha ga matasan makaɗa daga rayuwar Abdullah Ibrahim

'Yan'uwana matasa masu kwana a situdiyo kuna haɗa sauti da fiyano da kwamfuta, akwai ɗabi'ar da ta yi mana katutu, wato gaggawar fitar da aiki tun hannu bai faɗa ba. Yaro zai yi 'yan watanni yana danna fiyano, sai ya shiga neman wanda zai ɗaga shi, in bai samu ba ya ce hassada ake yi masa. Ina so mu dubi rayuwar Abdullah Ibrahim, makaɗin fiyano na jaz daga Afirka ta Kudu.

An haife shi a birnin Cape Town a 1934, ya fara koyon fiyano yana da shekara 7, kakarsa kuma mai kaɗa fiyano ce a coci. Da sunan Dollar Brand aka fara saninsa. A 1960 ƙungiyarsu ta Jazz Epistles, wadda Hugh Masekela da Kippie Moeketsi ke ciki, ta fitar da faifanta, amma a shekarar ne aka yi kisan Sharpeville, inda 'yan sanda suka harbe baƙar fata masu zanga-zanga, gwamnatin wariyar launin fata ta ƙara matsa wa baƙar fata, ƙungiyar ta watse. A 1962 ya bar ƙasar ya sauka a Zurich ta Suwizalan.

Masu son labarin sa'a sukan tsaya a kan abin da ya faru a 1963, lokacin da mawaƙiya Sathima Bea Benjamin, wadda daga baya ya aura, ta shawo kan Duke Ellington, shahararren makaɗin jaz na Amurka, ya zo ya saurare shi, Ellington kuwa ya shirya aka naɗi faifansa a Paris. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, a daren da Ellington ya shigo, Abdullah Ibrahim ya riga ya shafe sama da shekara 20 yana gaban fiyano. Da hannunsa bai ƙware ba, da baƙon ya yi sallama ya tafi. Shi ya sa nake ganin wanda ke ɓata lokacinsa wajen bibiyar manya a Instagram, alhali bai iya raka mawaƙi ba tare da na'ura ta gyara masa kuskure ba, yana neman ƙofar da ko an buɗe masa ba shi da abin shiga da shi.

Babban abin lura kuma yana gaba. Ya koma New York a 1965, ya san salon Ellington da na Thelonious Monk, wani gwanin fiyanon jaz na Amurka, ciki da waje, har ya riƙe wa Ellington ƙungiyarsa a wasu wasanni a 1966, kuma da ya ga dama da ya ƙare rayuwarsa yana kiɗa irin na Amurkawa. Sai ya waiwayi gida. Ya musulunta a 1968, sannan a 1974 ya naɗi "Mannenberg" a Cape Town tare da Basil Coetzee da Robbie Jansen, bisa salon marabi na unguwannin baƙar fata, da sunan wata unguwa da aka jibge mutanen da aka tasa daga gidajensu da ƙarfi. Wannan kiɗa, ba tare da baitocin siyasa ba, ya zama abin da ake sawa a tarukan masu yaƙi da wariya, domin jama'a sun ji kansu a cikinsa.

A nan nake jin takaicinmu. Da yawanmu mun iya kwaikwayon sautin Legas da na Indiya, amma ba mu taɓa zama gaban mai kukuma ko mai kalangu mun tambaye shi yadda yake ɗaure kiɗansa ba, wasu ma suna ganin hakan ƙauyanci ne. Ku koyi na waje da kyau, babu laifi, amma ku je wurin dattawan nan tun suna raye, ku zauna da ladabi, ku biya su haƙƙinsu idan kun ɗauki wani abu nasu.

Ku kuma daina auna kanku da abin da mako guda ya kawo. Bayan boren Soweto na 1976 Abdullah Ibrahim ya sake yin hijira, ya kafa ƙungiyar Ekaya a 1983, ya yi wasa a bikin rantsar da Nelson Mandela a 1994, kuma a 2019, yana da shekara 84, ya karɓi lambar NEA Jazz Masters ta Amurka, ya kuma fitar da sabon faifai mai suna "The Balance".