Bikin buɗe gine-gine: ku rage yawan ƙofofi, ku nemi ɗakin injuna

Tun 1984 Faransa take ware lokaci a watan Satumba, da farko rana ɗaya, daga baya ƙarshen mako guda, tana buɗe wa jama'a gine-ginen da a sauran ranaku ba a shiga, har da fadar shugaban ƙasa ta Élysée. A 1992 Victoria Thornton ta fara irin wannan a Landan da sunan Open House, tsarin ya bazu zuwa New York a 2003, Chicago a 2011, Legas a 2016. Ɗaruruwan gine-gine ake buɗewa, akasari kyauta. Sai dai yadda mafi yawan mutane ke cin wannan biki asara ce: su rubuta sunayen gine-gine goma mafi shahara, su ƙare yini a layi, su hau can ƙololuwa su ɗauki hoton gari, su sauko. Wanda ya yi haka gari ya gani daga sama, ginin da ya shiga kuwa bai gan shi ba.

Gini uku ko huɗu sun isa yini. Lissafin a fili yake: zagayen da jagora ke yi da mutane yakan ci minti 30 zuwa awa guda, ga binciken jami'an tsaro a ƙofa, ga layi, ga tafiya tsakanin wuri da wuri. Idan an buɗe ƙarfe 10 aka rufe ƙarfe 5, awa bakwai ke nan, kuma sau da yawa akan daina shigar da mutane tun kafin lokacin rufewa. A zaɓi gine-ginen da ke kusa da juna, waɗanda ƙafa za ta haɗa cikin kilomita biyu. A duba tun da wuri wanne ake shiga kai tsaye, wanne sai an yi rajista a intanet, wanne kuma sai an ci ƙuri'a, kamar yadda aka sha yi wa gida mai lamba 10 a titin Downing, mazaunin firaministan Birtaniya. Wasu wuraren suna neman katin shaida mai hoto, wasu sun hana babbar jaka ko ɗaukar hoto. Mai layi mafi tsawo a fara da shi da sassafe, ko a bar shi gaba ɗaya idan wuri ne da ake shiga da tikiti duk shekara. Ba hikima ba ce a ɓata ranar da ake buɗe rufaffun ƙofofi a bakin ƙofar da kullum a buɗe take.

Kafin a shiga, a tsallaka titi a kalli ginin daga nesa, a tambayi kai abu ɗaya: me ke ɗauke da nauyinsa? Amsar tana jikin tagogi. Inda bango ne ke ɗaukar kaya, tagogi ƙanana ne kuma sun nutse ciki, saboda duk ramin da aka huda ya rage wa bangon ƙarfi. Ginin Monadnock da ke Chicago, wanda aka gama ɓangarensa na arewa a 1891, hawa 16 ne na bulo, kaurin bangonsa a ƙasa ya kai mita 1.8, a sama bai cika rabin mita ba. Wurin da ya fi tsadar haya, wato hawan ƙasa, shi bango ya cinye. Da aka zo ƙara ɓangaren kudu a 1893, sai aka fara jingina da ginshiƙan ƙarfe. A gini guda mutum zai ga inda tsohuwar hanya ta ƙare da dalilin ƙarewarta. Inda kuwa aka ga gilashi tun daga ƙasa har sama, to bangon labule ne kawai, ginshiƙai na ciki ne ke aikin, kuma da an shiga sai a nemi inda suke, a auna tazararsu da taku.

Daga nan sai a bi ruwa, domin shi ne ke kashe gini. A duba inda ruwan sama ke sauka daga rufi da inda yake bi ya bar jikin tushe. A sa yatsa a ƙarƙashin dakalin taga: magini nagari yakan bar siririn kwari a wurin, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya koma ya bi bango. Inda babu shi za a ga baƙin zane ya gangaro a ƙarƙashin kowace taga. Farin gari mai kama da gishiri a jikin bulo alama ce ta damshi da ke ratsowa daga ciki yana bushewa a waje. A ginin kankare kuma a nemi jan tabo da inda siminti ya ɓantare rodi ya bayyana. Dalilinsa shi ne, kankare sabo yana kare rodi daga tsatsa, amma iska da damshi suna cin wannan kariya daga waje a hankali. Shi ya sa ake barin kaurin milimita 25 zuwa 50 tsakanin rodi da fuskar kankare, gwargwadon yanayin wurin. Idan lebura ya bar rodin ya kwanta a jikin katako lokacin zubi, tsatsa za ta kama da wuri, ta kumbura ta fi ƙarfen asali girma, ta fasa simintin daga ciki.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi a jikin filasta yawanci bushewa ce. Wadda ke hawa a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ta wuce milimita 5, ita ce ke nuna tushe ya motsa. Akwai kuma tsagar da aka yi da gangan, madaidaiciya, an cike ta da roba. Ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da kusan milimita 12 duk lokacin da zafi ya hau da digiri 10, kankare ma kusan haka, don haka dole a bar wa dogon gini wurin motsi.

A ciki, matakala ce ke tona asirin mai zane. Akwai tsohuwar ƙa'ida: tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗin inda ake taka ƙafa, ya ba da wajen santimita 63. Idan ana hawa ana jin ƙafa na neman tuntuɓe, ko an kauce wa wannan, ko kuma takin ba su yi daidai da juna ba. Gangaren keken guragu bai kamata ya fi hawan mita ɗaya a cikin mita 12 ba, kuma yana da kyau a lura ko a babbar ƙofa aka sa shi ko an kai shi bayan gida kusa da shara. Hasken rana yana shiga ɗaki kusan ninki biyu na tsayin saman taga daga daɓe, bayan nan sai fitila. Ofishin da fitilunsa ke kunne da tsakar rana ya yi zurfi fiye da tagoginsa.

Amma inda bikin ya fi amfani shi ne wuraren da ba a sa su a katin hoto: ɗakin injunan lif, tankunan ruwa, injunan sanyaya iska, ramin bututu. A Landan, tashar tura ruwan najasa ta Crossness, wadda aka buɗe a 1865 cikin aikin magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya yi bayan warin da ya addabi garin a 1858, tana koyar da yadda birni ke rayuwa fiye da benaye da yawa. Ginin kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan na 1986 da cibiyar al'adu ta Pompidou da ke Paris ta 1977 sun fito da kayan cikinsu, wato bututu da hanyoyin hawa, waje. A Pompidou launi ma aka ba su: shuɗi na iska, kore na ruwa, rawaya na lantarki, ja na hanyoyin hawa da sauka. Dabarar ta ba da fili a ciki, amma duk abin da aka bari a waje rana da ruwa na dukansa, kuma an rufe Pompidou don babban gyara daga 1997 zuwa 2000, an sake rufe ta a 2025. Wanda zai faɗi gaskiyar irin wannan ba mai zanen ba ne, mai kula da ginin ne. A tambaye shi me ya fi lalacewa, ta ina rufi ke yoyo, yaya ake wanke gilashin hawa na talatin.

A nan masu shirya bukukuwan suke da laifi. Mai gini ne ke ba da izinin shiga, shi ne kuma ke zaɓen abin da za a nuna, don haka sau da yawa zagayen yakan koma talla: falo mai sheƙi da lambun saman rufi. Hujjarsu ta tsaro gaskiya ce, ba za a cusa mutum hamsin cikin ɗakin lantarki ba. Amma ana iya shigar da mutum takwas ko goma a lokaci guda tare da injiniya, ana iya kafa zanen ginin a falo. Kuma a daina ɓoye kuskure. A 2013 gilashin bene mai lamba 20 a titin Fenchurch na Landan, saboda lanƙwasarsa ta ciki, ya tattara hasken rana ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a titi, sai da aka ɗaura masa fikafikan inuwa. Jagoran da ya tsaya a gindin wannan bene ya nuna fikafikan ya bayyana dalilinsu, ya yi wa ɗalibin zane da mai shirin gina shago aikin da hoton saman rufi ba zai yi musu ba. Gine-ginen da suka ƙi amsa irin waɗannan tambayoyi bai kamata a sa su a sahun gaba na jadawalin shekara mai zuwa ba.